Modem, MiFi ko rauta: wanne ya dace da kwamfutar gidanka?

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan makon, duka kan haɗa kwamfutar gida da intanet.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Zariya. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu saboda yara da aikin makaranta, amma ba ta kama Wi-Fi. A kasuwa an nuna mini ƙaramin modem mai kama da filasha, da MiFi mai batir, da babbar rauta mai eriya. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa kwamfutar albarka. Kada ka taɓa aljihunka tukuna. Ka nemi aron wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo, ka shiga da su ɗakin da kwamfutar take, ka buɗe bidiyo a kowacce ka ga wadda ba ta tsayawa. Ka gwada da hantsi, ka sake gwadawa bayan isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau intanet. Na dage a kan wannan ne saboda modem ba ya haifar da sabis, abin da ya tarar a wurin shi yake ɗauka. Layin da ke gudu a rumfar mai sayarwa yana iya zuwa ɗakinka ya kwanta.

Na taɓa shiga wani gida da mai shi ya riga ya yanke shawarar mayar da sabuwar rautarsa kasuwa. Na tarar da ita a ƙarƙashin tebur, a ɗakin ƙurya, ginin bulo da rufin kwano, fitilar sabis ɗinta sanda ɗaya tana kyaftawa. Muka ɗora ta a kan tagar da ke kallon titi, ba mu taɓa saitin komai ba, sanduna suka cika. Abin da ya saya ranar kebul ne kawai.

Shi ya sa a yanayinka rauta mai ɗaukar layin waya nake ba ka shawara. Tana da ramukan kebul a baya, kuma kusan kowace kwamfutar tebur tana da irin wannan ramin, don haka rashin Wi-Fi ɗinta bai dame ka ba. Kebul ɗin yana kai wa mita 100 lafiya lau, ke nan rauta tana taga, kwamfuta tana inda ka ga dama, wayoyin iyali kuma suna sha ta iska. Aibinta ɗaya, da an ɗauke wuta ta mutu. Yawancinsu bolt 12 suke ci, akwai kuma ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, da ake yi dominsu. Ka duba abin da aka rubuta a jikin cajarta kafin ka saya mata.

Modem na filasha yawanci kwamfuta ɗaya yake yi wa aiki, yana ɗaukar zafi, kuma a bayan kwamfutar yake maƙalewa kusa da ƙasa, inda sabis ya fi rauni. MiFi kuwa na matafiyi ne. In ka mai da shi na zaman gida, kullum a jone da caji, batirinsa kan kumbura.

Abu biyu za ka tambaya a rumfa. Na farko, rautar a kulle take ko a buɗe? Waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa sun fi araha, sau da yawa har da kyautar data, amma layinsu kaɗai suke karɓa. In gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, sayi mai kullen ba komai. In sun yi kunnen doki, ƙara kuɗi ka ɗauki buɗaɗɗiya. Na biyu, ko da buɗaɗɗiya ce, ka sa naka layin a ciki a gaban mai kaya ka ga ta nuna 4G. Glo, alal misali, ta fara 4G ɗinta ne a zangon 700 MHz, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba sa kamawa, sai su zauna a 3G kana ta zargin layi.

Maganar 5G kuma, MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma har yanzu a wasu sassan manyan birane yake. Kada ka biya kuɗinsa sai ka ga waya mai 5G ta kama shi a gidanka. Ka kuma lura, “5G” da kan fito a ƙarshen sunan Wi-Fi na wasu rautoci yana nufin zangon 5 GHz ne, ba ruwansa da wancan.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Katsina. Mun jona kwamfuta da rauta ta kebul. Wayoyinmu duk suna samun intanet, ita kwamfutar ta ƙi. Daga wani ofis muka saye ta. Wani ya ce sai mun canja mata wani abu a ciki. Mu saya?

Amsa: Hajiya, kada ki sayi komai yanzu. Tunda kika ce daga ofis ta fito, ina kyautata zaton saiti ne.

Fara da ido. A bayan rauta, kebul ya shiga ramin da aka rubuta LAN, ba WAN ba. Sannan ki leƙa bayan kwamfutar, kusa da bakin kebul akwai 'yar fitila. In tana ci, haɗin yana da rai.

Ga abin da ke faruwa. Rauta kamar mai unguwa take, duk na'urar da ta shigo sai ta ba ta lambar gida, wato adireshin IP, ta kuma nuna mata ƙofar fita zuwa intanet. Ana kiran wannan tsari DHCP. To a ofisoshi da yawa ma'aikata kan rubuta wa kowace kwamfuta adireshinta da hannu. Taki ta zo gidanki tana riƙe da lambar tsohuwar unguwarta, ta ƙi karɓar sabuwa.

Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta ncpa.cpl, ki danna Enter. Ki latsa Ethernet da ɓangaren dama na linzami, ki zaɓi Properties, ki buɗe Internet Protocol Version 4. In kin ga lambobi a rubuce a akwatuna, to kin kama ɓarawon. Ki zaɓi Obtain an IP address automatically, da na ƙasansa mai maganar DNS, ki danna OK, ki kashe kwamfutar ki kunna.

Don ki tabbatar, ki sake danna Windows da R, ki rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito ki rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 192.168 alama ce rauta ta ba ta lamba. Wanda ya fara da 169.254 kuwa yana nufin ta nema ba a amsa mata ba, ta laƙaba wa kanta. A nan ne za ki gwada wani kebul ko wani ramin.

In adireshi ya yi daidai amma shafuka ba sa buɗewa, ki shiga Proxy a cikin saitin Windows ki kashe wanda ofis ya bari. Ki kuma dubi agogo da kwanan wata a kusurwar allo. Tsofaffin kwamfutoci suna da ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, a cikinsu. In ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka tana gargaɗin tsaro. Wannan batirin kaɗai ne abin da wataƙila za ki saya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Sakkwato. Modem ɗina buɗaɗɗe ne, amma da na canja layi ya nuna sabis ya ƙi haɗawa.

Amsa: Ɗan'uwa, APN ɗin tsohon layin, wato saitin da modem ke bi ya shiga intanet ɗin kamfanin layi, shi ne ya rage a ciki. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin na'urar, yana jikin takardar da ke manne da ita. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, na ZTE 192.168.0.1. Ka ƙirƙiri sabon APN: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. In tsohon modem ne mai neman lambar kira, ka sa *99#. Ka kuma tabbatar layin yana haɗe da NIN ɗinka kuma akwai data a kansa.

Tambaya: Malam, tun da muka haɗa kwamfuta da rauta, datar wata guda ba ta kai mana mako biyu. Mu canja kamfani ne?

Amsa: Alhaji, na san zafin wannan, amma canja kamfani ba zai toshe ramin ba in a gida yake. Windows tana ɗaukar kebul da Wi-Fi a matsayin intanet marar iyaka, sai ta riƙa sauke sabuntawa masu nauyi ba tare da ta tambaye ka ba. Ka shiga Settings, sannan Network & Internet, ka buɗe haɗin da kake kai, ka kunna Metered connection. Hakan zai rage mata haɗama. Kada dai ka hana ta sabuntawa gaba ɗaya, domin kariyarta ce. Ka ware rana a wata, ko ka yi amfani da datar dare mai rahusa.

Sannan ka rubuta adireshin da ke jikin rautar a burauza, ka shiga shafinta ka dubi jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga da wayoyin gidanka. In sun fi yawa, kalmar sirrinka ta tsallake katanga. Ka canja ta, ka sa doguwa wadda ba lambar wayarka ba ce, ka zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3. Ka canja har da ta shiga shafin kansa, domin da yawa suna zuwa da admin ne, kuma duk yaron unguwa ya san haka.