Ga ƙanwar da ta ce komai ya daina yi mata daɗi

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na karanta tambayarki, na kife wayar na daɗe ban runtsa ba, don kamar bakina kika ara. Kin ce wata huɗu ke nan babu abin da yake yi miki daɗi, abinci ne, hira ce, zuwa biki ne, har wasa da yaranki. Kin ce ba kuka kike yi ba, maigida bai yi miki laifi ba, ba ki rasa ci da sha ba, amma zuciyarki wayam. Sannan kika tambaya ko imaninki ne ya yi rauni, tunda ko salla ba kya jin ta yadda kika saba. Na ga 'yan'uwa da yawa sun ce ki yi haƙuri ki riƙe azkar, Allah ya saka musu da alheri. Ni zan tsawaita, ki yi haƙuri da ni, domin na yi kusan shekara biyu a cikin wannan hali, wanda likitoci suke kira ciwon damuwa.

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki tun ina budurwa. Wanda ya san ni ya san ƙarar kekena Butterfly ita ke tashin maƙwabta. Hajiyarmu ta rasu a ƙarshen 2018. Na yi kuka kamar kowa, aka yi addu'ar arba'in, kowa ya watse, na koma kan keke. Sai wajen azumin 2019, lokacin da tela ba ta da sukunin ko sosa kai, abin ya bayyana. Wata safiya na shimfiɗa atamfar wata amarya a kan tabarma, na ɗauko tef da alli da almakashi, na zauna. Wallahi har aka kira azahar ban sa almakashin ba. Ba mantawa na yi da yadda ake yanka ba. Kallon atamfar kawai nake, atamfa mai kyau wadda da can sai na shafa ta na yi ta juya ɗinkin da zai dace da ita, amma ranar ita da tsumma ɗaya suke a idona. Kayan mutane suka taru a buhu bayan ƙofa. Ana saura kwana biyar Salla na aika yaro ya mayar wa kowa nasa, wasu suka yi fushi, kuma suna da gaskiya.

Wannan bai kai abin da ya faru da 'yata ciwo ba. Ta dawo daga Islamiyya da gudu, hijabinta a karkace, tana haki, ta ce Umma na haddace Tabaraka, Malama ta sa an yi mini kabbara. Bakina ya ce masha Allah. Hannuna ya dafa kanta. Cikina kuwa ko motsi. Ta tsaya tana kallon fuskata tana jiran abin da ta saba gani, da ba ta gani ba ta juya a hankali ta fita. Daren nan na kwana ina tambayar kaina wace irin uwa ce ni. Shi ya sa da na ga kin rubuta cewa kina jin kunyar yaranki, na san ainihin wurin da yake yi miki zafi.

An faɗa mini duk abin da ake faɗa miki. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iska ce, yayar maigidana ta ce hutu ne ya yi mini yawa, in je asibiti in ga masu ciwon gaske sai in gode wa Allah. Wannan maganar ta ƙarshe ta fi kowace nauyi, don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. An yi mini ruƙiya, na sha habbatus sauda da zuma, kuma ban raina ko ɗaya ba. Malamin da ya yi mini karatun ne ma, Allah ya ji ƙan iyayensa, bayan zama na uku ya kira maigida gefe ya ce shi bai ga alamar aljani ba, a ci gaba da addu'a amma a kai ni wajen likita.

Likitar da na samu ba ta fara da allura ko awo ba, tambayoyi ta yi ta jero mini. Yaya barci? Na ce ƙarfe uku na dare nake farkawa, shi ke nan har asuba. Yaya ci? Na ce tuwo da miya kamar ina tauna takarda. Me kike so da can wanda yanzu ba kya so? Nan na yi shiru, don amsar ita ce komai. Sai ta yi mini bayanin da ya sauke mini kaya daga ka. Ta ce ciwon damuwa yana da manyan alamomi biyu: baƙin cikin da ba ya tafiya, da kuma gushewar sha'awa da jin daɗi. Ba dole mutum ya haɗa biyun ba. Akwai wanda ba ya zubar da hawaye ko ɗigo, daɗin ne kawai yake ɗauke masa kamar an ɗauke wuta. Idan abin ya kai mako biyu, kusan kullum, ga rikicewar barci ko ci, ga kasala, ga rashin tattara hankali, ga yawan ganin laifin kai, to ya wuce ɓacin rai na yau da gobe, ya zama ciwo. Ke kuwa wata huɗu kika ce.

Kuma ba sai da dalili ba. Ni ana iya cewa rasuwar Hajiya ce ta tayar da nawa, amma a bencin jiran likita na zauna da matan da babu abin da ya same su, da masu jego, da magidanta, har da ɗalibin jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma ya fi yawa a mata. Don haka ki daina binciken laifin da kika yi.

Ta sa an gwada jinina tukuna, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato abin nan na maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, suna iya sa mutum irin wannan mutuwar jiki. Nawa lafiya lau. Sai ta rubuta mini ƙwaya ɗaya a rana. Da gangan ba zan faɗi sunanta ba, kada wata ta wuce kemis ta saya, domin abin da ya dace da ni ba lallai ya dace da ke ba, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa. Abin da nake so ki sani shi ne maganin ba irin na ciwon kai ba ne da za ki sha yanzu ki ji sauƙi an jima. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a fara ganin aikinsa. Makon farko ma tashin zuciya na yi ta yi da ɗan jiri, saura kaɗan in watsar da shi. Kuma sauƙin ba lokaci ɗaya yake zuwa ba. Ni barci ne ya fara daidaita, sai ci, sai ƙarfin tashi in yi shara. Jin daɗi shi ne ya zo a ƙarshe, can baya, har na fara ɗebe tsammani.

A nan ne zan faɗa miki abin da ya fi yi mini amfani, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. An haɗa ni da wata ma'aikaciya masaniyar halayyar ɗan Adam, muna zama muna magana duk bayan mako biyu. Na ce mata idan na ji marmarin ɗinki zan koma. Ta ce a'a, a wannan ciwon marmari ba ya shiga gaba, bayan aiki yake biyowa. In kika zauna jiransa, zaman ne zai ƙara nisanta shi, domin duk abin da kika bari, wata ƙofa ce da daɗi yake shigowa ta nan kika rufe. Ta ba ni takarda ta ce kowace rana in rubuta ƙaramin abu ɗaya da zan yi, da lokacinsa, in yi shi ko ina so ko ba na so, sannan in ba shi maki daga sifili zuwa goma gwargwadon daɗin da na ji.

Ranar farko goge ƙurar keke kawai na rubuta, da ɗiga masa mai. Sifili. Kashegari na sa maɓalli a rigar makarantar ɗana. Sifili. Na yi kalmasar zani, na zauna a hantsi minti goma, na taka zuwa gidan maƙwabciyata na gaishe ta na dawo. Kusan mako uku sifili da ɗaya nake rubutawa, ina ganin aikin banza ne. To wata safiya, wajen mako na tara da fara magani, maƙwabciyar nan ta aiko da kunun tsamiya a kofin silba, da zafinsa. Na kurɓa don kada a ce ban sha ba. Sai tsamin ya ratsa ni har gefen kunne, na ji gero, na ji citta, na ji ina son ƙari. Na riƙe kofin da hannu biyu ina kuka, yara suka firgita. Ranar na rubuta huɗu. Kashegari aka koma ɗaya, kada ki ɗauka daga nan komai ya miƙe. Amma na riga na san abin bai mutu ba.

Maganar imani kuwa, ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Ciwon da ya ɗauke miki ɗanɗanon miya shi ne ya ɗauke miki ɗanɗanon salla, ba zuciyarki ce ta juya wa Allah baya ba. Wadda imaninta ya tafi ba ta tashi da dare tana tsoron ko ya tafi. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf, kuma da 'ya'yansa suka yi masa magana cewa ya yi ga Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiran ta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Kuma shi ne yake neman tsari da cewa Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal. Ki ci gaba da sallarki ko ba kya jin komai, ki riƙe wannan addu'a, ki kuma nemi magani, tunda shi da kansa ya yi umarni da neman magani. Ni ban taɓa ganin inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Na san abin da zai tsaya miki a rai: sunan asibitin ƙwaƙwalwa. A Kano da an ce Dawanau sai a yi dariya, haka Barnawa a Kaduna, haka Kware a Sakkwato. Raina yana ɓaci da wannan dariyar, domin ta hana mutane da yawa zuwa inda za su warke. Yawancin waɗanda ke zuwa, ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar, kamar masu hawan jini. In wannan ya yi miki nauyi, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na wannan fanni a Maiduguri, ko ki fara da babban asibitin garinku su tura ki. Hatta gwamnati ta sauya tunani: a farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Kada wata ƙawa ta miƙo miki ƙwayar barci ko taramol ko kwalbar kodin ta ce tana kawar da damuwa. Na ga matan aure da suka shiga ta wannan ƙofar, ciwo ɗaya ya zame musu biyu, ba banza aka hana maganin tari mai kodin ba a 2018. Na biyu kuma kuskurena ne. Da na ji sauƙi a wata na huɗu sai na daina shan magani ban gaya wa kowa ba, kafin wata biyu na koma gidan jiya, aka sake sabon lale. Ana so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware, kuma likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Akwai tambayar da ba ki yi ba, ni zan yi miki, don ni ma sai da aka tambaye ni na iya faɗa. Kina jin cewa da ma ki kwanta kada ki tashi, ko yaranki za su fi hutawa in babu ke? In haka ne, kada ki jira sati mai zuwa. Yau ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, a kawar da fiya-fiya da tarin magunguna daga ɗakinki, kada a bar ki ke kaɗai, a kai ki sashen gaggawa. Wannan tunanin, ciwon ne yake magana, kuma yana gushewa da magani. Nawa ya gushe.

Shi kuma maigida, kada ki ce masa ba kya jin daɗin komai ki yi shiru, zai ɗauka da shi kike. Ki ce masa ba ki da lafiya, barcinki da cinki sun lalace wata huɗu, kina so ya kai ki asibiti. In da hali ya shiga wurin likita tare da ke ya ji da kunnensa. Nawa sai da ya ji daga bakin likita ya daina tambayata me ya yi mini. Kafin ki tafi ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, ƙarfe nawa kike farkawa, ko kin rame, da duk maganin da kike sha har na gargajiya, domin a gaban likita mantuwa ake yi.

Bara 'yar tawa ta yi saukar Alƙur'ani, ni na ɗinka mata kayan da ta sa, da hannuna, a kan keken nan. In a Kano kike, ki sa a haɗa mu, zan raka ki ranar farko in Allah ya yarda. Mu yi sammako saboda layin yankar kati, ki taho da ruwa da ɗan abin taɓawa, don zaman yakan kai azahar. Allah ya ba ki lafiya.