Ga ƙanenmu mai tambayar yadda zai fita daga zaman jira

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce shekara huɗu ke nan da ka gama jami'a a nan Tawa, ka ajiye dosiye wurare da dama ba a kira ka ba, kana son kama sana'a amma ba jari, kuma kullum da shiri kake kwana, gari ya waye ba ka ɗaga ko tsinke ba. Na san wannan hali ciki da waje, shi ya sa zan tsawaita.

Na karɓi lisans a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai a 2012, na dawo gida da tabbacin cewa aiki na nan tafe, domin wani babba a danginmu ya yi mini alkawari. Shekara uku na yi ina jiran wayarsa. Na zauna konkur, wato jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati, sau biyu ban samu ba. Sauran lokacin kuwa a fada, wato majalisar hirar samari, ya ƙare, daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa tsakar dare, ana dafa shayi ana buga belot ana lissafin wanda ya tafi Abijan da wanda ya dawo daga Libiya. Ba na zagin fada, domin 'yan fadarmu ne suka tsaya mini lokacin rasuwar mahaifina. Illarta ɗaya ce: duk wanda ke kan tabarmar jira yake yi kamar kai, saboda haka ba wanda zai tambaye ka abin da ka aikata yau, kuma ranar da ta wuce a banza ba ta yi maka ciwo.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba rashin jari ne ya ɗaure ni ba. Girman burin ne. A raina na riga na gina babban shago da mota mai ɗaukar kaya zuwa Kwatano, sai duk abin da hannuna zai iya kaiwa ya zama ƙarami a idona, har ina jin kunyar a ga mai digiri a kansa. Alhali guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mahaifiyata ce ta warware ni, ba da wa'azi ba. Wata safiya a farkon 2015 ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini jika goma, kwasar adashinta, ta ce in bi kawuna zuwa Galmi, kuma ranar Juma'a in zo in gaya mata abin da kuɗin suka zama. Wannan Juma'ar ita ce sirrin duka. Shekara uku ina yi wa kaina alkawari ina saɓawa ba wanda ya sani, amma ban iya tunanin tsayawa gabanta hannu rabbana ba.

Ka san yadda albasa take a ƙasarmu. Ana kwasarta da yawa wajen Maris da Afrilu, a lokacin ta cika kasuwa daga Galmi har Madawa da Tamaske, farashi ya faɗi ƙasa warwas, manomi kuma dole ya sayar don ya biya bashin taki da man injin ban ruwa. Mai haƙuri shi ne ke zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira damina ta ratsa, farashi ya ninka. Sai dai albasa ba ta yafe sakaci. Tana ramewa, danshi na ruɓar da ita, kuma ƙwaya ɗaya da ta lalace tana cinye maƙwabtanta. Aikin da kawuna ya ba ni ke nan: kowace safiya bayan sallar asuba in shiga rudu in juya, in tsince mai laushi, in ware ta a sayar kashi-kashi kafin ta mutu. Warin ruɓaɓɓiyar albasa yakan kwana a hannuna ko na wanke da toka. A wannan aikin na gane cewa ƙarfin zuciya ba ya riga aiki zuwa, bayansa yake biyowa. Ban taɓa tashi da sha'awar shiga rudun nan ba, amma da na tsince kwando guda sai jikina ya saki, in ga har na kama wani abu.

Saboda haka ba zan ce maka ka ƙara himma ba, na san ka gaji da jin wannan. Ka zaɓi abu ɗaya tak, wanda za a iya farawa cikin makon nan da abin da ke hannunka, ko da zama ne wurin mai gyaran waya ko tela ko mai walda kana miƙa masa kaya. Ka yanka masa lokaci wanda ba ya motsi, kuma ka ɗaura shi a jikin abin da ba ka fashinsa. Ni bayan asuba na ɗaura nawa. Sannan ka nemi mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ba abokin shan shayi ba, ka ce masa duk Juma'a za ka kawo masa bayani.

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala ashirin ko talatin kana rubutawa. Nawa na farko yana nan har yau, shafinsa duk tabon albasa: kwanan wata, abin da na tsince, abin da na sayar, dala nawa ta shigo. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da zuciya ta ce maka ba ka ci gaba, sai ka buɗe ka ga inda kake wata uku baya. Da kuɗi suka fara zama, na shiga adashin dala ɗari kullum, ba don riba ba, adashi ba ya haihuwa, sai don zubin yana tilasta mini fita ko ba na so. Kwasata ta farko ce ta saya mini buhunan da suka zama nawa na kaina.

Kada ka ɗauka daga nan hanya ta miƙe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, masu sayen kayana daga waje suka ɗauke ƙafa, na yi asarar da ta kwantar da ni kusan mako biyu, har na fara jin ƙamshin zaman da. Abin da ya tashe ni shi ne komawa kan ƙaramin aikin farko, tsintar safe da rubutu a kaye, da sayarwa a kasuwar gida ko da riba kaɗan. In ka yi fashin kwana ɗaya, kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa ka koma gidan jiya, ka dai hana shi zama kwana biyu.

Neman aikin gwamnati kuwa kada ka bari, in an buɗe konkur ka ajiye dosiyenka. Ka dai daina ba shi yininka duka.

Akwai magana ɗaya a tambayarka da ta tsaya mini a rai, inda ka ce wani lokaci ko wanka nauyi yake yi maka. In abin ya haɗa da rashin barci da rashin cin abinci da ƙin ganin mutane har tsawon makonni, wannan ba lalaci ba ne, ka je asibiti ka ga likita, kuma ka gaya wa wani na gida. Ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

In ba ka da wanda za ka kai wa bayanin Juma'a, ni na karɓa. Ka rubuto a nan bayan an sauko daga masallaci, ka faɗi sana'ar da ka zaɓa da wurin wanda ka je. Allah ya buɗa maka.