Yaushe Za A Sake Gwajin Yaro Mai Otizim?

Tambaya: Likita, ɗana mai lalurar otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa a Yawunde yana shekara 6. Yanzu ya kai 8. Yaushe ya kamata mu koma? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Hajiya, bisa al'ada ana sakewa bayan shekara 2 zuwa 3, to lokaci ya yi. Kada dai a maimaita gwaji iri ɗaya, kamar WISC (gwajin auna basirar yara), kafin shekara ta zagayo, don yaro yakan tuna tambayoyin, makinsa ya hau alhali ba ci gaba ba ne. Gwajin da zai biyo bayan wannan kuma, mu mun fi son a daidaita shi da sauyin makaranta, watanni kaɗan kafin ya shiga kolej (makarantar sakandare), domin malamai su san tallafin da yake bukata.

Amma in ya fara rasa maganar da ya iya, ko farfaɗiya ta bayyana, a kai shi asibiti nan take.

Kafin a sake gwajin, a fara duba jinsa da ganinsa, a tafi da tsohon rahoto da littattafan aji. Ki kuma gaya wa mai gwajin Hausa ake yi a gida, don gwajin Faransanci kan rage wa yaro maki.