Amsa ga mai komawa Kalifoniya da lasisin Jojiya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina da cikakken lasisin LPC na jihar Jojiya ta Amurka, wato lasisin ƙwararrun masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, maigida ya samu aiki a Kalifoniya, kina tambaya ko akwai lasisin wucin gadi da za ki riƙe kafin na dindindin ya fito. Ni ma aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa nake yi, kuma ƙaura ta taɓa raba ni da jihar da na fara aiki.

Akwai zancen izinin aiki na kwana 30 da ake yi, na san inda ya fito, amma ba naki ba ne. Tun 2024 Kalifoniya ta yarda mai lasisin wata jiha ya ci gaba da ganin wanda dama yake dubawa, in mutumin ya shigo jihar, kwana 30 a jere cikin shekara. An yi shi ne don kada jinya ta yanke. Sabon mutum ko ɗaya ba za ki ɗauka da shi ba.

Counseling Compact ma, wato yarjejeniyar da ke barin mai lasisin wata jiha ya yi aiki a sauran jihohin da suka shiga, kada ki ɗora rai a kanta. Jojiya ce ta fara sa hannu a 2021, amma Kalifoniya ba ta shiga ba, kuma tsarin yana duba jihar da mutum yake zaune ne. Ranar da kika tare can, kin fita daga inuwarta.

Abin da zai riƙe ki a tsakani shi ne lasisin da ke hannunki. Doka tana bin inda mai neman shawarar yake a lokacin zaman. Saboda haka mutanenki na Jojiya kina iya ci gaba da ganinsu ta bidiyo, muddin lasisin bai mutu ba. Don Allah kada ki bari ya mutu don kin tashi, kuɗin sabuntawa bai kai wahalar farfaɗo da shi ba. Ki rubuta wa hukumomin jihohin biyu ta imel, ki adana amsarsu, domin maganar waya ba hujja ba ce. Kowane zama kuma ki tambayi mutum yana ina. Akwai wadda nake dubawa, muna tsakiyar magana ta ce ai tana gidan yayarta a wata jiha, dole muka ɗage.

A Kalifoniya sunan lasisin LPCC. In naki ya kai shekara 2 babu wani takunkumi a kansa, akwai gajeriyar hanya: 'yan kwasa-kwasai kan dokoki da al'adun jihar, hoton yatsu, sai jarrabawar doka da ladubban aiki. In bai kai ba, za a koma tonon karatunki da awannin da kika yi a ƙarƙashin mai sa ido, kuma su awa 3,000 suke ƙirgawa. Nan ne mutane suke shan wuya. Mai sa idon ya yi ritaya, asibitin ya rufe, wa zai sa hannu? Ki nemi sa hannun mai sa idonki tun kina Jojiya, ki sa jami'arki ta aika sakamako, hukumarku kuma ta aika shaidar lasisi.

In maigidan soja ne aka yi masa canjin wurin aiki, ki faɗa min, don akwai dokar tarayya ta 2023 da ta sassauta wa iyalan sojoji.

Ki kuma ware kuɗin cefanen 'yan watanni. Bayan lasisi ya fito, kamfanonin inshora sai sun sake tantance ki a sabuwar jiha kafin su fara biya. Allah Ya sa a tare lafiya.