Saura kilo uku, sikeli ya cije

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 38, 'ya'yana huɗu. Ina azumin rage ƙiba na awa 16: ina cin abinci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, sauran lokacin ruwa kawai da shayi ba sukari. Cikin wata takwas na sauko daga kilo 84 zuwa 71, burina 68. To yau mako bakwai ke nan sikeli ya ƙi motsi, kullum 71 ko 71 da rabi, kuma wallahi ban canza komai ba. Ƙawata ta ce in kai azumin awa 20, ko in koma ci sau ɗaya a rana. In bi shawararta? Daga Maman Hanifa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Kilo 13 ba wasa ba ne. Amma batun ƙara awa, a'a, ban goyi baya ba, kuma zan gaya miki dalili.

Kin ce ba ki canza komai ba, na kuma yarda. Jikin ne ya canza. Mai kilo 71 ba ta ƙona abin da mai kilo 84 ke ƙonawa, ko tana tafiya ko tana kwance. Masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka, wato NIH, sun ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya zubar, abin da jikinsa ke ƙonawa a rana yana raguwa da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 20 zuwa 30. Ki lissafa da naki 13, za ki ga kusan kalori 300 ko fiye sun tafi. Abincin da ke rage miki nauyi a watan farko, yanzu shi ne daidai buƙatar jikinki. Ga kuma yunwa: binciken ya nuna sha'awar abinci tana ƙaruwa da kimanin kalori 100 a rana kan kowane kilo da aka rasa, domin sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi yana raguwa. Sai cokali ya riƙa cika fiye da dā ba tare da kin lura ba. Wannan ba rashin haƙuri ba ne daga gare ki, haka halittar jiki take, kuma yawancin masu rage ƙiba suna cin karo da irin wannan tsayawar sikeli wajen wata shida zuwa takwas.

Azumin sa'o'i kuwa ba shi da wani sirri a cikin agogo. Amfaninsa shi ne yana taƙaita lokacin ci, sai mutum ya ci kaɗan. A shekarar 2022 mujallar likitanci ta New England ta buga wani gwaji da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da mutum 139 na tsawon shekara guda. Duk an rage musu kalori iri ɗaya, amma rabinsu suna ci ne daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma kawai, rabi kuma a duk lokacin da suka so. Na farkon sun rasa kimanin kilo 8, na biyun kilo 6.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba. Saboda haka in kin matse lokacin ya koma awa huɗu, abu biyu ne zai iya faruwa: ko ki cinye abincin awa takwas a cikin huɗun, ko ki kasa samun isasshen furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, jiki ya fara cin tsokarsa. In tsoka ta tafi, sikeli zai sauka ki yi murna, alhali kin ƙara rage ƙarfin da ke ƙona miki abinci. Na fi tsoron wannan na biyun.

Kafin ki taɓa komai, ki tabbatar tsayawar ta gaske ce. Ruwa kaɗai yana iya ɗaga nauyi ko sauke shi da kilo ɗaya ko biyu: gishiri, kusantowar al'ada, cushewar ciki, ko sabon motsa jiki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka ma, kowane giram ɗinsa yana riƙe ruwa kusan giram uku. Ki hau sikeli da safe bayan kin zaga, kafin ki sha komai, ki rubuta, a ƙarshen mako ki fitar da matsakaici. Sannan ki sami tef irin na tela ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a mako, ba tare da kin shanye ciki ba. In ƙugu na raguwa ko da santimita ɗaya ne, kitse na tafiya, ki ƙyale sikeli da halinsa.

In duka biyun sun tsaya, to sai ki yi mako biyu kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki. Duka nake nufi: ɗanɗanon girki, ragowar da yara suka bari a faranti, madarar shayi, lemon kwalba, man da kike tsiyayawa a tukunya da ido. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Tun a 1992 wani bincike a Amurka ya gano mutanen da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa suna cin kusan ninki biyu na abin da suke zato, kuma ba ƙarya suke yi ba, ido ne ba mudu ba. Galibi a wannan rubutun za ki ga inda kalori 200 zuwa 250 ke ɓoye. Su kaɗai za ki cire, kada ki zarce.

Sai furotin. Ki nemi giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na jikinki, wato kusan giram 85 zuwa 110 a rana, a raba shi a ci biyu ko uku: ƙwai, kifi, kaza, wake, madara. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don ki san girman aikin. Ki haɗa da motsa jiki mai gina tsoka kwana biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, ko da tsugunawa da tashi ne da ɗaga abu mai ɗan nauyi a ɗakinki.

Ba ki ambaci barci ba, uwar yara huɗu kuwa na san ba ya isarta. A 2010 jami'ar Chicago ta gwada masu rage abinci da barcin awa biyar da rabi, da kuma awa takwas da rabi. Nauyin da suka rasa kusan ɗaya ne, amma da gajeren barci kitsen da ya tafi bai kai rabin na dogon barci ba, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita.

Ki kuma shirya wa jinkiri. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, to da ragin 250 a rana, wata guda za ki yi kafin ya tafi. Ukun nan za su ci wata uku, watakila fiye.

Ina kuma so ki tambayi kanki daga ina 68 ta fito. Likita ne ya ba ki, ko nauyinki ne na kafin haihuwa? Kin riga kin zubar da fiye da kashi 15 cikin ɗari na nauyinki, alhali kashi 5 zuwa 10 ma ya isa ya gyara hawan jini da sukari. In samun 68 sai da jiri, zubewar gashi, saurin fushi da rikicewar al'ada, ni a ganina ki riƙe 71 ɗinki ki gina tsoka a kanta. In kina da ciwon sukari kina shan magani ko allurar insulin, ko kina shayarwa, ko akwai zaton juna biyu, kada ki canza komai sai kin ga likita. Haka in kina fama da kasala da jin sanyi fiye da kima, ki nemi a duba miki jini da maƙoƙo. Bayan mako huɗu ki rubuto min awon ƙugunki da matsakaicin sikelin, mu ga inda aka kwana.