Almara Ce ko Tatsuniya? Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, na gama sauraron littafi na biyu na wani labarin soyayya da ake karantawa a YouTube. Budurwa ce 'yar shekara 17, ɗan sarkin aljanu ya mutu a kanta, ita kuma hankalinta na wurin wani saurayi ɗan unguwarsu. Na farkon ya yi daɗi, na biyun kuwa sai jan rai. Na ce wa ƙawata tatsuniya ce kawai, ta ce almara ake cewa. Wa ke da gaskiya?"

Ƙawarki ta fi ki kusa, 'yata. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita: "ga ta nan, ga ta nan ku", a amsa "ta zo mu ji ta", a rufe da "ƙurunƙus". Da dare ake yin ta, kuma ba ta da mai ita. Babu wanda zai ce shi ya ƙago Gizo da Ƙoƙi. Abin da kika saurara yana da marubuciya, yana da babi-babi, har ana jiran littafi na uku. Ganin aljani a cikin labari ba shi ke mai da shi tatsuniya ba.

Almara kuwa fuska biyu gare ta. Malaman adabi kan ware ta ga gajeren labarin nan mai ƙarewa da tambaya, kamar samari uku da kowanne ya taimaka aka ceto yarinya, sai a ce to wa za a ba aurenta? A bakin jama'a kuma duk abin da hankali ba zai ɗauka ba almara ne, shi ya sa ake cewa "wannan ai almara ce". Da wannan ma'ana ta biyu ƙawarki ta yi daidai. In a jarrabawa ne, rubuta ƙagaggen labari. Kada kuma ki ɗauka soyayya da aljanu a littafi baƙon abu ne da ya zo da wayar hannu. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duk biyun sun kai jarumansu ƙasar aljanu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu kiran irin wannan labari ƙissa. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai da bayin Allah, ba a jingina ta ga ɗan sarkin aljanu mai bin budurwa. Wasu ma ba sa sa lanƙwasa, su rubuta kissa, wadda ita dabara ce irin ta mace mai son shawo kan miji. Da annabi da kisisinar kishiya sun haɗu ke nan a kalma guda, don kawai an yi ƙyuyar danna harafi.

Ɗalibar ta ƙara da cewa budurwar ta ba ta tausayi, domin "son maso wani ƙoshin wahala". Karin maganar daidai, amma kin ɗora ta a kan wanda ba shi ba. Maso wani shi ne mai son wani, ginin kalmar irin na maci amana da masha ruwa ne. A labarinki budurwar ita ce maso wani, mai ƙoshin wahalar kuwa aljanin ne. Kuma maso kalma ɗaya ce, a daina raba ta.

Wani daga Maraɗi yana tambaya: ci gaba ko cigaba? In aiki ne, raba su: labari ya ci gaba. In suna ne, da yawa suna haɗewa, ban ga laifinsu ba.

Wata daga Kumasi ta ce mai karanta littafin ce ta kashe mata shi, ko hakan na shiga cikin "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi"? Yana shiga, amma ba dole sai marubuciya ta karanta da kanta ba. Mai ita a nan duk wanda ya san maganar ciki da bai ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mai karatu da baki sai ya fahimci jimla kafin ya furta ta. Na taɓa jin wata mai karatu ta iso inda aka rubuta "ta tsaya a gindin kuka", ta ɗaga muryar har ƙarshe kamar kukan hawaye, alhali bishiya ake nufi, wadda sautinta ke sauka a gaɓar ƙarshe. Haka fari: na launi daban, na rashin ruwan sama daban, na farkon abu daban. Wanda zai ɗauki murya ya karanta shafin sau biyu a zuci tukuna.

Mai tambaya ko wanda ya saurara zai iya cewa ya karanta: ce na saurara, ko na ji. Babu abin kunya a ciki.