Tambaya da Amsa: Kai littattafai da tufafin yara kasuwar Amurka

Tambaya: Ina buga littattafan yara, ina kuma ɗinka musu riguna. Ɗan'uwana da ke Amurka yana so ya riƙa sayar mini da su can, amma an ce sai kowane kaya ya bi ta ɗakin gwaji. Haka ne? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ba kowane kaya ba. Dokar ita ce CPSIA, dokar Amurka ta tabbatar da amincin kayan masarufi, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Agusta 2008, bayan an janye miliyoyin kayan wasan yara a 2007 saboda dalma a fentinsu. Ta shafi duk abin da aka yi domin ɗan shekara 12 zuwa ƙasa. Dalma a jikin kaya kada ta wuce kashi 100 cikin miliyan, a fenti kuwa kashi 90. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai ga tsaurin ya yi yawa ba.

Kuɗin gwajin ne ya fi ƙuntata wa masu ƙaramin jari. Babban kamfani yana raba shi kan dubban kaya, mai riga ɗari biyu kuwa ribarta ke tafiya. Shi ya sa aka yi wa dokar gyara a 2011.

Yanzu littafin da aka buga a takarda ko kwali, aka haɗa shi yadda aka saba, ba ya buƙatar gwaji a ɗakin gwaji mai zaman kansa. Sassaucin bai kai ga littafin 'yan shekara 3 zuwa ƙasa ba, ko mai maɓallin sauti, roba, ko abin wasa a tare da shi. Nan masu wallafa ke yawan faɗawa: kyautar ɗan abin wasa a bango tana jawo gwajin da littafin shi kaɗai ya tsallake.

A riguna, yadin auduga ko an rina shi ba a neman gwajin dalmarsa. Maɓalli, zif, da hoton da aka manna a ƙirji su ne abin dubawa. Ki saya daga mai sayarwa da ke da takardar gwajinsu, domin doka ta yarda a dogara da ita.

Ɗan'uwanki, a matsayin mai shigo da kayan, shi zai fitar da takardar shaidar cewa kayan yaran sun cika ƙa'ida. Ke kuma ki sa wa kowane kaya alama mai sunan mai yi, wuri, kwanan wata da lambar rukuni. Akwai rajistar ƙananan masu sana'a a hukumar CPSC, mai kula da amincin kayan masarufi a Amurka, ga wanda bai wuce guda 7,500 na kaya iri ɗaya ba, cinikinsa na shekara kuma bai haura iyakar da aka sa ba (dala miliyan 1 ce a 2011, ana kuma daidaita ta da tashin farashi duk shekara). Tana ɗauke wasu gwaje-gwaje, amma ban da na fenti da na ƙananan ɓangarorin da jariri zai iya haɗiyewa, kuma ana sabunta ta duk shekara.